Ƙoƙon da Na Bari a Bakin Garka

Shekaranjiya jikana ya shigo gida da gorar lemo a hannu, ya ajiye ta a gindin randa. Ruwan da ke ciki ja-ja ne, kamar jiƙon tsamiya. Na tambaye shi mene ne, ya ce maganin feshi ne, abokinsa ya sam masa saboda tumatirin da ya shuka a bayan ɗaki. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da sai na dafa bango nake tashi. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba, har kaji suka watse. Ya tsaya yana kallona, ya ɗauka rikicin tsufa ne. Ba shi ba ne. Wani laifi ne da na yi ina yarinya, na bar wata ta ɗauke mini shi har ta shiga kabari.

Na tashi a wani ɗan ƙauye a ƙasar Kiru, ba nisa da dajin Ɗansoshiya, tun Bature bai tafi ba. Gidanmu ba shi da yawa. Baba ne da Inna, sai ni, sai ƙanena ɗan shekara uku, sai kakata mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya. A bayan ɗakin Iya akwai garka. Ta kewaye ta da dangar kara, ta jera ƙaya a gindin dangar, ta yi mata 'yar ƙofa da ake ɗaurewa da igiyar rama.

Iya ba ta jiran ruwan sama. Da bazara ta kama, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, sai ta yafa irin gauta da barkono da tumatir a fasassun tukwane, ta jera su a inuwar rumbu. Ni ke jawo ruwa a rijiya safe da yamma. Idan sun yi ganye huɗu ta dasa su, ta shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo a tsakaninsu. Jikin danga kuwa lalle ne, wanda in ya yi fure ƙamshinsa har zaure. A kowace kusurwa ta dasa ɗoɗɗoya, ta ce ƙwari ba sa son warinta. Can ƙarshe akwai taba gindi shida. Ba sha take yi ba, furen take so, tana goge haƙora da shi bayan ta ci goro, bakinta ya yi jawur.

Ka san a bazara duniya duk a bushe take. To in ka fito da ɗanyen ganye a irin wannan lokaci, duk wani mai yunwa a garin wurinka zai zo. Awaki su tura kai ta danga. Kaji su tone. Gafiya ta haƙo rami ta ƙarƙashi. Fara ta sauka, ga wata koriyar tsutsa da ke naɗe ganye ta kwanta a ciki, ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsalle da ke mayar da ganyen kuɓewa kamar rariya. Kowanne Iya tana da abin da take yi masa. Toka da garin barkono take barbaɗawa da sassafe. Kashin awaki take jiƙawa ta yayyafa, akuya ta sunsuna ta juya. Ramin gafiya ta cusa masa ƙaya ta danne da dutse.

Babban makaminta shi ne ruwan taba. Busasshen ganyen bara take jiƙawa kwana biyu har ruwan ya yi ja. Yana da tukunyarsa daban, wata baƙa mai tsagaggen baki, a kan kututture a ƙarshen garka, an rufe ta da faifai an ɗora dutse. Tsintsiya ake tsomawa a ciki, a je a yayyafa wa shuka, a dawo a sake tsomawa. Ba a ɗiban sa a wani mazubi. Wannan dokar ta faɗa mini ta fi sau goma.

"Ke uwar ƙiwa, saurara," in ji ta. "Ruwan nan bai san ɗan gida ba. Abin da ya yi wa tsutsa, shi zai yi wa mutum."

Ƙanena kuwa ɗan gatan Iya ne. Maigida take kiransa, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau ma ba cefane? To na yi yaji." Shi kuma ya ruga ya rungume ƙafarta. Tana da wani ɗan ƙoƙo da ta ware masa, a ciki take ba shi jiƙon tsamiya in zafi ya yi yawa. Ya san ƙoƙon nan kamar yadda ya san fuskar Inna.

Ranar da abin ya faru shekarata tara. Iya ta tafi barkar haihuwa a ƙauyen da ke gaba da mu, Baba yana can sharar gona, Inna tana daka a tsakar gida. Kafin Iya ta fita ta ce in yayyafa wa kuɓewa ruwan taba. Na fara kamar yadda aka koya mini. In je tukunya, in dawo, in je, in dawo. Rana ta take, gumi yana shiga mini ido. Sai zuciyata ta ce, me zai hana ki ɗebo shi a wani abu ki riƙe a hannu, ki huta da zirga-zirga? Na leƙa ɗakin Iya, abin da hannuna ya fara kaiwa gare shi shi ne ƙoƙon ƙanena. Na cika shi.

Ban kai rabin aikin ba na ji yara suna ihu a waje. Garken Fulani ne ke wucewa, suna dawowa daga kudu saboda damina ta kusa, shanu ba iyaka, da maruƙa, da jakuna ɗauke da ƙore. Na dire ƙoƙon a bakin garka, ban ko ɗaure ƙofa ba, na ruga kallo.

Da na dawo na tarar da ƙanena zaune a ƙasa, ƙoƙon a tsakanin ƙafafunsa, saura kaɗan a ciki. Yana goge harshe da bayan hannu, ido ya kawo ruwa.

"Yaya, ɗaci," ya ce.

Abin da ya kamata in yi shi ne in kwarma ihu in kira Inna. Taku ashirin ne tsakanina da ita, ina jin ƙarar taɓaryarta. Amma sai na tuna bulalar Baba. Na wanke wa yaron baki, na zubar da sauran a gindin kuɓewa, na ɗauraye ƙoƙon na mayar inda yake. Na ce masa kada ya gaya wa kowa, zan ba shi ƙuli-ƙuli.

Ba a daɗe ba ya fara amai. Yawu yana dalala daga bakinsa, gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma jikinsa sanyi ƙalau a tsakiyar zafin nan. Ya tashi zai je wurin Inna, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi. Hannayensa suka kama rawa. Inna ta yar da taɓarya ta sure shi tana salati, matan maƙwabta suka cika gidan.

"Ke kike tare da shi," Inna ta ce da ni. "Me ya ci? Me ya sha?"

"Ban ga ya ci komai ba."

Haka na faɗa, ina kallon idonta.

Wata tsohuwa ta ce ai yaro ne ya shiga garka da tsakar rana, lokacin da mutanen ɓoye ke yawo, ya taka ɗansu. Aka shigar da ƙanena ɗaki, aka rufe ƙofa, aka zuba haki da saiwoyi a garwashi ana yi masa hayaƙi. Ina tsaye a jikin rumbu ina jin tarinsa yana ƙara rauni. Na san ba aljani ba ne. Na san hayaƙin nan ƙara shaƙe shi yake yi. Bakina ya buɗe sau uku, sau uku ina rufe shi. Yanzu ba bulala nake tsoro ba. Tsoro nake ya mutu a ce ni na kashe shi, ya zama sunana ke nan a garin har abada.

Wani ya ruga ya kira Iya. Ta shigo tana haki, mayafi a hannu. Ta tura ƙofa, ta durƙusa, ta sunsuna bakin yaron, ta sunsuna aman da ke zanen Inna. Ta fito ta nufi garka. Na ga ta tsaya kan tukunya, faifan a ƙasa, dutsen a gefe. Daga nan ta shiga ɗakinta, ta fito da ƙoƙon nan, jiƙaƙƙe, ta kai hanci. Sannan ta zo inda nake, ta kama hannuna na dama ta sunsuna. Ta dube ni. Sannan ta saki hannun.

"Ku kashe wutar nan, ku fito da shi iska!" ta ce. "Ba iskokai ba ne, ruwan taba ya sha. A dako mini gawayi. Wani ya bi Fulanin nan ya roƙo madara, yanzun nan."

Ta zauna a inuwa ta ɗora shi a cinya, ta karkata shi gefe. Tana ɗura masa ruwan gawayi kaɗan-kaɗan, yana amayarwa, tana sake ba shi. "Maigida, ba ka isa ka sake ni yau ba," take ce masa. "Wa zai yi mini cefane?" Numfashinsa ya yi ƙasa har sai ta kara kunne a ƙirjinsa kafin ta ji shi. Wata Bafulatana ta zo da kanta da ƙwaryar madara, ta tsuguna tare da mu. Ba wanda ya tuna da abincin rana. Sai bayan la'asar ya buɗe ido, ya yi wani ɗan siririn kuka. Inna ta faɗi ta yi sujada a kan turɓaya.

Baba ya riga ya iso, yana tsaye da gatarinsa a kafaɗa, bai ko ajiye ba. Da ya ga yaron ya farfaɗo, sai ya juyo.

"Wa ya bar masa ruwan taba a inda zai kai?"

Na jira Iya ta nuna ni.

"Ni ce," in ji Iya. "Na ɗiba a ƙoƙonsa da safe, na manta na tafi. Tsufa ne."

Ɗa ba ya yi wa uwarsa faɗa. Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya durƙusa a gabanta ya ce, "Iya, don Allah a haƙura da garkar nan."

"To," ta ce.

Washegari da kanta ta fasa baƙar tukunyar, ta tumɓuke tabar, ta kwance igiyar ƙofa ta bar ta a buɗe. Kafin azahar awaki sun cinye gauta da kuɓewa da alayyafo, har ɗoɗɗoyar da suke gudu sun tattake. Tana zaune a bakin ɗaki tana kallo. Kwana uku bayan haka ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, ba abin da ya rage a garkar da zai sha.

Garkar ba ita ce babbar asara ba. Inna ba ta taɓa ɗaga wa Iya murya ba, tana gaishe ta a durƙushe kamar kullum, amma daga ranar ba ta ƙara barin ƙanena ya ci ko ya sha wani abu daga ɗakin Iya ba. In ya nufi can, sai ta kira shi ta ba shi wani aiki. Iya ta kan miƙo masa ɗan wake ko gyaɗa, Inna ta karɓa ta ce za ta ajiye masa. A hankali yaron ya daina zuwa. Kalmar Maigida ta ɓace a gidanmu.

Sau ɗaya tak Iya ta taɓa yi mini maganar. Tana yi mini kitso, kaina a cinyarta, ta ce a hankali, "Ranar da kika ji za ki iya, ki gaya wa uwarki. Ba zan matsa miki ba." Na yi kamar barci ya ɗauke ni. Damina uku bayan haka ta rasu. Na ce zan faɗa in an share makoki. Na ce in na yi aure. Na ce in na haihu, Inna za ta fi fahimta. Har Inna ta tsufa a hannuna, tana ba jikokinta labarin yadda surukarta ta kusa kashe mata ɗa da mantuwa, ina zaune ina tsince shinkafa. Ita ma ta tafi ba ta sani ba.

Ƙanena kaɗai na iya gaya wa, shi ma sai da gemunsa ya yi fari. Ya ce shi bai tuna ɗacin ba, bai tuna ciwon ba. Abin da ya tuna shi ne wata tsohuwa mai jan baki da ke kiransa daga bakin ƙofa, ana hana shi zuwa, bai san dalili ba. Ya ce ya yafe nasa. Na Iya kuwa ba a hannunsa yake ba.

Yanzu ba mai jiƙa taba. Magani a kasuwa yake, a kwalba, ya fi na Iya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ana ɗura shi a gorar lemo a ajiye inda yara ke wasa. Ɗoɗɗoya da toka an ce aikin tsofaffi ne. Jikana dai na sa ya haƙa rami ya binne gorar nan, ya wanke hannu da sabulu, sannan na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga farko. Da na gama ya ce, "Ashe kakar taku ta yi mantuwa mai tsada."

Na gane rabin hankalinsa yana kan wayarsa. Na karɓe ta na kife a tabarma, na ce ya dube ni da kyau. Iya ba ta yi mantuwa ba. Ni na bar ƙoƙon a bakin garka.