Ranar da Tambari Bai Tuɓe Riga Ba

Shekara goma sha ɗaya Tambari ya yi yana gangarar da mutane ta cikin kwazazzabon da ke tsakanin tudu da fadama, a gefen Wurno. Mutum ɗaya tak ya rasa a ciki, kuma ita ce uwar matarsa.

Ɗan masunta ne. Ubansa da kakansa da gora da homa suka ci abinci a bakin gulbin Rima. Da aka datse ruwa a Goronyo, gulbi ya daina malala cikin fadama yadda ya saba, tafkunan da ake su bayan kaka suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. A gurbinsu aka ja hanyoyin ruwa, albasa da tafarnuwa da shinkafa suka rufe ko'ina. 'Yan'uwansa suka rataye homa suka ɗauki fartanya. Shi ma ya gwada, rani biyu, albasarsa ba ta wuce girman goro ba.

A lokacin ne mutanen tudu, na Lahodu da Kwargaba, suka fara sauka fadama neman aikin rani. Hanyar mota ta zagaya nesa, mai ƙafa sai ya yi wuni. Ta kwazazzabo kuwa, kafin a dafa fura an isa. A da busasshe ne da rani, har awaki na bi. Amma tun da rarar ruwan ban-ruwa ta fara kwararowa cikin bakinsa na ƙasa, ruwa ya zauna a ciki, rani da damina. Su kuwa mutanen tudu, ruwan da suka sani shi ne na guga da na buta.

Wata safiya Tambari ya tarar da mutum uku tsaye a bakin kwazazzabon suna leƙe, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara. Ya saukar da su. Washegari ya tarar da bakwai. Sana'a ta samu ke nan.

Ya tufka igiyar kaba mai kauri, ya yi mata ƙulli takwas, kowane mutum da ƙullinsa. Ya sassaƙa matakai a jikin dutse da tsohon gatari. Gangarar ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron yana ƙasa, inda bango biyu suka matso har mutum yana iya dafa su duka. Nan ake kira Maƙogwaro. Ruwa iya ƙirji, a ƙarƙashi doron dutse ne mai faɗin tafin ƙafa biyu, a hannun hagu kuma rami ne da ya shanye tsawon mutum biyu.

Yana da yadda yake yi, kuma bai taɓa sake shi ba. Zai tuɓe riga ya naɗa a ka, ya saura da gajeren wando. Sai ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya fi tsoro. Ba mai yawan salati yake nema ba. Mai shiru yake nema, wanda ya ƙura wa ƙafarsa ido. Shi zai ba ƙullin farko, ya ɗora hannunsa a kafaɗarsa. In an zo Maƙogwaro sai ya juyo ya riƙa tafiya da baya, ido cikin ido, yana kiran sunan mutumin ba ƙaƙƙautawa.

"Mi sunanka?"

"Mu'azu."

"Mu'azu, ka yi aure?"

"Ban yi ba."

"To ba yau za ka mutu ba, ba ka ga komi ba tukuna. Ƙahwar dama, Mu'azu. Ni za ka duba, ba ruwa ba. Ko ruwa ya hi ni kyau?"

Kafin Mu'azu ya gama dariya ya ga yashi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Haka ya sami matarsa. Uwaliya ta zo cikin ayarin mata masu dashen shinkafa daga Lahodu, kuma ita ce mai shirun ranar. Ya kira sunanta ya fi sau talatin a cikin Maƙogwaro. Taubashinsa Mode, ɗan gwaggonsa, wanda ke da gona a tudu da fadama duka, ya ce shi ya lura, ruwa ya ƙare amma kiran bai ƙare ba.

Uwarta, Inna Bara'atu, mace ce mai tsananin kunya, irin mutanen da. Sau biyu ta taɓa zuwa gidan 'yarta, duka a motar ranar kasuwa. Tambari bai taɓa ganin fuskarta sosai ba. In ya hango ta sai ya kauce hanya, ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa gaisuwa tana kallon bango. Sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba. A Lahodu ana misali da shi, a ce a nemi suruki irin Tambari.

Shekara shida da aure, bayan ɓari biyu, Uwaliya ta haifi 'ya mace ranar wata Talata. Haihuwar ta zo da wuya. Ta kwanta ba ƙarfi, ba abin da take cewa sai a kira mata Inna. Aka aika. Tambari ya ɗauka sai ranar kasuwa za ta zo a mota.

Laraba da hantsi ya hau tudu ɗauko 'yan aiki. Ya tarar da mutum huɗu da Mode. Can gefe, a gindin wata aduwa, wata tsohuwa na zaune da ƙwarya a gabanta, ta juya baya. Ya gane zanen. Hannunsa ya riga ya kama wuyan riga zai cire, sai ya sake shi. Ya durƙusa.

Mode ne ya zama baki a tsakaninsu, ko da yake kowannensu na jin ɗan'uwansa sarai.

"Mode, ka gaishe da Inna. Ka ce mata ta yi haƙuri ta koma, jibi akwai mota."

Inna ta ce, tana kallon aduwa, "Ɗan nan, ka ce ɗiyata ba jibi tac ce ba."

"Ka ce mata ruwa ya ƙaru kwanan ga."

"Ka ce Wanda Yay yi ruwa Shi yay yi ni."

Mode ya jawo Tambari gefe ya rage murya. "Kai, dube ta. Tun da munka iso ba ta ɗaga kai ba. Wagga ta gaba ta, ka san hakan."

"Na sani."

"To tuɓe rigar ga ka ba ta ƙullin hwarko."

"In tuɓe gaban Inna? Ka ji kanka kuwa?"

"Wane tsiraici gare ka da kihi bai gani ba? Ƙashi na da hwata."

"Mode, ba wasa nikai ba. In dube ta cikin ido? In kira sunanta? Da wane baki?"

Mode ya koma wurin tsohuwar ya gwada ta can. Ya ce mata al'adar wurin, baƙo shi ke bin bayan mai igiya ya dafa kafaɗarsa. Inna Bara'atu ta yi salati a hankali, ta ce ko da gulbi zai haɗiye ta ba ta dafa mijin ɗiyarta. Ta ce kuma ba ta shiga gaban maza da jiƙaƙƙen zane. A ba ta can ƙarshe, bayan kowa.

Tambari ya ji sanyi a ransa da ta faɗi haka. Wannan ne abin da bai taɓa yafe wa kansa ba daga baya: ya ji sanyi.

Aka jera. Shi a gaba, sanye da doguwar riga har gwiwa. 'Yan aiki huɗu. Sai Mode, wanda ya karɓi ƙwaryar Inna ya ɗora a kansa, kanwa ce da yaji da garin kunu na mai jego, hannu ɗaya a ƙwarya ɗaya a igiya. Sai ita.

Gangarar ta wuce lafiya. Tsohuwar tudu ce, dutse bai dame ta ba. Suka shiga ruwa, iya idon sawu, iya gwiwa, iya ƙugu. Rigar Tambari ta sha ruwa ta manne masa tana jan shi ƙasa. Da suka zo bakin Maƙogwaro ƙafarsa ta fara juyawa da kanta, yadda ta saba. Ya tuna in ya juya, Maƙogwaro miƙaƙƙe ne, idonsa zai faɗa kanta tana cikin ruwa. Ya mayar da fuska gaba.

"A riƙa dama," ya ce wa bango. "A ce ma Inna ta ja ƙahwa bisa dutse, kar ta ɗaga."

Na bayansa ya faɗa wa na bayansa. Magana ta bi baki biyar. Abin da ya isa gare ta, Allah kaɗai ya sani.

Ba ta yi ihu ba. Mode ya rantse har ya mutu cewa ko tari bai ji ba. Mace irinta ba ta ɗaga murya inda surukinta zai ji. Tambari a hannunsa ya ji: igiya ta yi nauyi sau ɗaya, sannan ta yi sakayau. Ya san ma'anar wannan fiye da kowa a duniya. Duk da haka bai waiga ba. Ya ce, "Mode, lahiya?"

Mode ya juya a hankali saboda ƙwaryar da ke kansa.

"Tambari! Ba ta nan!"

Mutum biyar ne tsakaninsa da wurin, a hanyar da mutum ɗaya ke cikawa. Ya faɗa ramin hagu ya bi ta ƙarƙashinsu. Rigar ta tashi ta rufe masa kai, ta naɗe masa hannu. Ɗan masunta, wanda ya iya ruwa kafin ya iya tafiya, sai da ya taso ya yage ta da haƙori kafin ya sake nutsawa. A nitso na uku ya taɓa ƙafarta.

Ya fito da ita kan yashi a bakin fadama, rungume a ƙirjinsa. Ya danna, ya juya ta, ya yi duk abin da ubansa ya koya masa. 'Yan aikin suka tsaya suna salati. Da ya tabbata, sai ya jawo mayafinta ya rufe mata fuska. A ranar ya fara sanin cewa tana da 'yar tsaga a kumatun hagu, irin ta Uwaliya.

An yi jana'iza bayan azahar. Ba wanda ya ga laifinsa. Liman ya ce kwana ya ƙare. Dattawan Lahodu da suka zo gaisuwa suka riƙa dafa shi suna cewa sun ji yadda aka yi, ya kiyaye mutuncinta har ƙarshe, ɗan halak ke nan. Kowane yabo sai ya ji kamar an ɗora masa dutse.

Uwaliya ba ta yi masa kuka a fuska ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki, tana kwance da jaririya a gefenta. Tambaya biyu ta yi.

"Wane ƙulli kab ba ta?"

"Na ƙarshe."

"Ka juyo?"

Ya girgiza kai. Ta juya fuska bango.

Ranar suna aka sa wa yarinyar sunan kakarta, ana kiranta Inna Ƙarama don sakayawa. Bayan kwana arba'in Tambari ya koma kwazazzabo, don gida na bukatar hatsi. Yana tuɓe riga, yana juyowa, yana kiran suna, komai daidai. Wasan ne ya tafi. Mutum ya dube shi cikin ido a tsakiyar Maƙogwaro sai ya ga tsoro ya fi nasa. Mutanen tudu suka fara cewa gara su yi sammako su zagaya. Rani biyu aka yi haka, a na uku bai tufka sabuwar igiya ba. Ya koma gadin rumbunan albasa na Mode. Nan ya tsufa, a inuwar zana, yana juya albasa yana fitar da ruɓaɓɓu.

Uwaliya ba ta bar shi ba. Ta ƙara haifa masa maza biyu. Suna gaisawa, suna shawara kan hatsi da auren yara, amma maganar ranar Larabar nan ba ta sake tashi ba sai bayan shekara goma sha tara, kwana biyu da kai Inna Ƙarama ɗakin miji. Gida ya yi shiru. Gab da la'asar Uwaliya tana tsince shinkafa a faifai, shi yana gyaran wata tsohuwar tabarma.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, na san Inna ba ta yarda ta shiga gaba. Ko ka roƙe ta ba ta yarda."

"Ban roƙe ta ba."

"Na sani."

Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince.

"Da an zo an ce mani an gan ka tsirara riƙe da hannun Inna, kana kiran sunanta gaban maza, wallahi da na yi sati ban leƙa waje ba don kunya. Ita ko da ba ta sake taka gidan ga ba." Ta karkaɗe faifan. "Da tana can Lahodu tana hushi da mu."

Tambari ya riƙe bakin tabarmar. Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Ta miƙo masa buta, ya karɓa, ya zauna da ita a hannu har aka tayar da salla.