Jirgin Maliki Mai Nauyi

Duk wanda injin jirgin ruwansa ya taɓa yin tari a Warra ya san rumfar Maliki. Mutum ne gajere mai kauri, marar yawan magana, wanda tun daga nesa yake jin kukan inji ya faɗi ciwonsa. Ubansa kwalekwale yake sassaƙawa, kuma a hannunsa Maliki ya koyi abin da ya zame masa ɗabi'a: inda duk ka ji zuciyarka ba ta kwanta da katako ba, ƙara masa wani, ka buga ƙusa biyu inda ɗaya za ta isa.

Shekara shida ke nan da jirgin 'yan kasuwa ya daki kututturen itace a tsakiyar tafki ya rabe biyu. 'Yarsa Murjanatu tana ciki. Daga gaɓa ana hango kawunan mutane, amma kafin jiragen ceto su isa wurin, ruwa ya riga ya lafa. Maliki bai yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne nisan nan, wanda ido yake kaiwa nan take amma jirgi sai ya yi rabin awa.

Bayan sadakar arba'in ya fara ƙera jirgi mai saukar ungulu, ɗan ƙarami mai kujera ɗaya. A wayarsa ya ga irinsa, sirara kamar ƙashin kifi, kuma bai raina kansa ba. Ya samo bututun alminiyum, ya ɗora injin jirgin ruwa mai ƙarfin doki arba'in, ya feƙe farfela biyu da hannunsa. Da yake injin jirgin ruwa da ruwan tafki yake huce zafinsa, sai ya ɗaura masa jarka a baya. Masunta suka sa wa abin suna Mazari, suna tambayarsa ko su fara ajiye kuɗin mota.

Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Matsalar ita ce duk sanda Maliki ya girgiza wata gaɓa ya ji ta ɗan motsa, sai ya tuna yadda jirgin nan ya rabe. Sai ya ƙara ƙarfe. Ƙafafun suka koma na rodi, wutsiyar ta sami tokara uku, kujerar ma katakon maɗaci ya sa mata.

Ran gwaji, da hantsi, aka ɗaure Mazari da igiya a turaku huɗu a bakin ruwa. Farfela ta juya har ta kori awaki, rairayi ya cika wa jama'a ido. Jirgin ya yi rawa, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar taki guda, ya mayar. Sau bakwai aka gwada a wata uku, bai taɓa wuce haka ba.

Dauda mai walda, wanda ya haɗa masa yawancin ƙarfen, shi ya kai Mazari sikelin masu shinkafa gaɓa-gaɓa, aka auna nauyinsa. Da suka gama ya ce, “Maliki, injin ba shi da laifi. Kwalekwale ka ƙera, ba jirgin sama ba. Ƙarfin da kaka ƙara mishi, shi ad danne shi. Cire rabin ƙarfen ga, wallahi ya tashi.”

Maliki ya san gaskiya ce, kuma ta yi masa ɗaci. Washegari da safe ya ɗauki zarto ya durƙusa gaban tokarar wutsiya. Ya daɗe a haka bai yanka ba, shi da bai taɓa tsoron wani inji ba. Matarsa Barira, wadda tun da ya fara aikin ba ta ce masa uffan a kai ba, ta kawo masa kunu ta tsaya a kansa.

“In ka yanke, tashi zai yi?” ta tambaya.

“In ji Dauda.”

“To bar shi da nauyinai. Na ba ruwa ɗiyata, ba ni ba iska mijina.”

Ta ajiye kwanon ta koma cikin gida. Maliki ya zauna a ƙasa da zarton a cinyarsa har kunun ya huce. Can wani masunci ya shigo da inji a kafaɗa, sai ya miƙe ya karɓa.