Zayyanar Zauren Baba

Tun da ruwan noman rani ya iso mana a wajejen Bunkure, komai ya yi ƙiba: shinkafa, tumatir, sauro, har da ni. Bangon zaurenmu ne kaɗai ya rame, don danshin hanyar ruwa ya yi ta cin gindinsa.

A jikin bangon nan zayyanar Baba take. Magini ne, Allah ya jiƙansa. Da yatsa yake jan ɗanyar ƙasa ya fitar da dagi, sannan ya shafe da makuba.

Bayan girbin bara Yayana ya ce, "A rushe, a yi na bulo, a shafa fenti. Ado ai ado ne."

Na ce, "Yaya, sai dai a rushe da ni a ciki, kuma ka san sai an ɗauko tarakta biyu."

Na garzaya wurin Liman neman hujja. Ya ce kalmar zayyana daga Larabci ta zo, ma'anarta ƙawata abu.

"Allah gafarta Malam, ban da fenti, ko?"

"Har da fenti."

Na dawo, na jingina da bangon. Ina shafa dagin sai yatsana ya faɗa cikin layin da yatsan Baba ya ja, ya zauna daram. Na kira Yaya.

"Sa yatsanka nan."

"Kai fa ba ka rabuwa da shirme."

"Sa dai."

Ya sa. Ya bi layin har ƙarshe. Can ya ce, "Na ba ka zuwa saukar damina. In ka gyara da hannunka, ya tsaya. In ka kasa, bulo."

Na haƙa rami na karkatar da danshin. Na kwaɓa ƙasa da tattakar shinkafa, na bar ta ta kwana bakwai yadda Baba ke yi. Gumin da na zubar ya isa ban ruwan kadada guda. Sau uku yaɓen yana zubowa, sau uku ina mayarwa.

Inda dagin ya gutsure na cike da nawa yatsan. Yaya ya duba ya ce, "Wannan dagi ne, ko kwaɗon da mota ta taka?"

Na ce, "Kwaɗo ne. Amma yana riƙe da na Baba."

Damina ta zo ta wuce. Bulon da Yaya ya saya, ɗakin awaki aka yi da shi.