Ramin Surukinsa

Tun hantsi mutumin yake tsaye a shagon Zuhaira, bakin tashar Tanout. Dogo ne, rawaninsa ya kwance, aljihunsa cike da guntayen waya. Idanunsa jajir, irin na wanda ya sha hanyar Belbeji bisa babur.

Suwic yake nema, na'urar nan mai rarraba intanet tsakanin kwamfutoci. Ta ajiye masa biyu. Ɗaya mai araha ce, jonawa kawai ake yi. Ɗayar ta ɗan fi tsada, amma ana iya tsara mata wanda za ta ƙara wa ƙarfin intanet da wanda za ta rage wa. Yana bin ramukan jona waya na mai tsadar da yatsa, yana magana ƙasa-ƙasa: "Ɗakin haihuwa, ɗakin magani." A rami na ƙarshe yatsan ya tsaya.

Zuhaira tana tsammanin a wani ƙaramin asibitin karkara yake aiki, inda kowa dangin kowa ne.

"Malam, mai arahar ma tana aiki," in ji ta.

"Na sani, Hajiya. Amma kowa daidai take ba shi. Ungozoma tana fama ta aika wa likita hoto Damagaram, wani yana can ofis yana kallon kokawa." Ya ƙwanƙwasa ramin. "Ramin ofis ɗin ke nan, surukina ne a nan. Ta yaya zan zare masa waya?"

Ya shafa fuska, ya tura mata mai tsarin.

"Ki ɗan sassauta mini kuɗin wannan. Ita za ta iya ce masa a'a. Ni bakina ba zai iya ba."