Hasken Waldar Baba

Shekara uku na yi a ƙasar waje ina auna saurin da ƙwayar zarra ke sake cafke ilektaron ɗin da tsananin zafi ya ƙwace mata. Da na dawo Bauchi, Baba ya zaunar da ni a shagonsa na walda a Ƙofar Dumi, ya ce in bayyana masa aikina. Na yi ta kame-kame.

Sai ya miƙo mini gilashin walda, ya tayar da inji, shuɗin haske ya tashi.

"A cikin irin wannan wutar da ke ƙwace ilektaron kake awon?"

"Eh, Baba, amma tamu ta fi zafi."

Ya yi dariya. "Ashe gado ka yi."

Ban taɓa jin daɗin yabo kamar wannan ba. Allah ya saka masa da alheri.