Kawu Ya Rasu Lokacin Aiki

Ƙauyenmu yana bakin hanyar Dungas, ba nisa da Magaria. Muna yara, sai ranar kasuwa ake shiga gari, wanda ya je kuwa da labari yake dawowa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya fara sayar da gonarsa ta gyaɗa ga wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da zaman haya ya ishe shi a cikin gari. Kawu ya daɗe yana dariya. "Mai takalmi sau-ciki zai zo ya kwana cikin kara," in ji shi.

Mushe ya kwana, ya kuma jawo abokansa. Ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka zo da igiyar awo, gonaki suka koma filayen gini, aka daina ce mana ƙauye, muka zama kartiye, wato unguwar gari. Ana idar da sallar asuba babura su kwashe maza, wasu biro wajen aikin ofis, wasu bakin iyaka wajen fatauci, sai magariba. Mu ƴan asali ma muka bi sahu. Ni kaina a wani kantin magani na Magaria nake yini, gida sai dai kwana.

Kawu ya rasu da hantsin wata Talata. Matata ta kira ni, na hau babur ɗin kabu-kabu na dawo, na tarar da liman da tsofaffi biyu a ƙofar gida, ɗayansu ma ba ya gani sosai. Babu mai haƙa kabari. Liman ya dube ni a gajiye ya ce, "Ɗana, sai haƙuri. Kawunka lokacin aiki ya rasu."

Masu kabu-kabun da ke jiran fasinja a gindin dogonyaro su suka ajiye babura suka ɗauki diga da shebur. Yawancinsu ba su san ko sunansa ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Da magariba maƙwabta suka dawo suka cika zaure, ana gaisuwa ana ƙorafin don me ba a jira su ba. Wani Alhaji ma'aikacin duwan, wato kwastan, wanda gidansa ke zaune daidai masussukar Kawu, ya riƙe hannuna ya yi doguwar addu'a. Sannan ya rage murya ya ce, "Allah ya jiƙansa. Baƙo ne ya zo muku? Ban taɓa ganinsa a kartiye ba."

Na ce, "Da rana yake fitowa, Alhaji."