Tsohon da Ya Hana Ni Goge Kwamfutar Malam

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Tudun Wada, Zariya.

Wani Malam daga Gyallesu ya kawo mini laftof ɗinsa, wai tana cikin sabunta manhajarta ta tsaya cak, tun daga nan sai ta kunnu, ta yi ta juyi, ta mutu. A cikinta akwai hotunan littattafan mahaifinsa marigayi, rubutun hannu, na ainihin kuwa ruwan sama ya cinye su. Ya ce, “Ka rufa mini asiri, babu su a ko'ina.”

Kwana uku ina fama. Ni kuma lokacin hannuna bai faɗa ba, maganin da na sani ɗaya ne, fomatin, a share komai a huta. Bayan Azahar na zura filash, ɗan abin da ake fomatin da shi, saura in danna, sai na ji sallama. Wani tsoho ne fari tas, da tsinke a bayan kunne.

Ya ce, “Malam mai gyara, ka tambaye ta abin da ke damunta kuwa?”

Na yi dariya, na ce, “Baba, ai ba ta magana.”

Ya ce, “Tana rubutawa. Nemo inda take rubutun.”

Kunya ta kama ni, don log yake nufi, fayil ɗin da kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, ni ko leƙa shi ban yi ba. Na tayar da ita ta filash ɗin, na lalubo shi na buɗe, layuka rututu. Kai! Ban taɓa ganin nutsuwa irin ta bawan Allahn nan ba. Ya zaro tsinken yana bin layi ɗaya-ɗaya daga ƙasa, kamar mai biya karatu, can ya tsaya. Na duba: wuri ne ya ƙare mata, hotunan sun cika ta maƙil. Na kwashe su zuwa wani faifai, sabuntawa ta wuce sumul. Na waigo in yi godiya, benci wayam, sai tsinken a kan teburina. Tela maƙwabcina ya rantse bai ga shigar kowa ba.

Da Malam ya zo na ba shi labari, ya juya tsinken nan ya ga an ɗan tauna gindinsa, sai hawaye. Ya ce, “Haka Baba ke yi wa nasa.”

Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Don Allah masu gyara, kafin ku goge kayan mutane, ku buɗe log ku karanta. Ba kullum za a zo a tsayar da ku ba.